Tsagar da Baba Ya Liƙe a Bakin Teku

Yayana ne ya kawo shawarar, ni kuma don wauta na ce to. Wai a fitar da Baba ya sha iskar teku, ya ga gine-ginen yashi, ko zuciyarsa ta sake. Shekaru sun wuce, amma har yau idan na tuna da yammacin nan sai takaici ya kama ni. Ban ma san wa zan fara zagi ba, mai gadin wurin ne, ko Yaya, ko ni kaina.

Sai kun san Baba kafin ku gane abin da aka yi masa. Magini ne, ɗan magini. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da cokalin gini a jaka, ya zauna a Mubi, kuma a nan aka haifi uban Baba, aka haifi Baba, aka haife mu, a gidanmu na wajen Lamorde. Shagunan bakin kasuwa da yawa da hannunsa a cikinsu. Idan tifa ta juye masa yashi daga mayo, kogin nan namu da ke ƙafewa da rani, ba ya tambayar direba komai. Zai dunƙula a hannu, ya matse, ya buɗe, ya ɗan taɓa a harshe. In da laka a ciki sai ya ce a kwashe a mayar inda aka ɗebo, ko da direban zai yi kuka.

Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne ba ya iya wuce bangon da ya tsage, ko na waye. Mun taɓa zuwa ɗaurin aure a garin Uba, shi ne wakilin ango, yana cikin farar babbar riga da ta sha bugu. Liman ya zauna, an kawo goro, aka nemi wakili aka rasa. Ashe yana bayan zauren masu gida, ya naɗe hannun riga, ya sa an kawo masa ruwa a buta, yana liƙe wata tsaga da jar ƙasa. Marigayiya Inna ta yi kwana biyu ba ta kula shi ba saboda rigar nan. A hanyar Vimtim ma ya sha sa ɗan acaɓa ya tsaya don ya hango rumbun wani manomi ya buɗe baki. Bai san mutumin ba, wani lokaci ba addininsu ɗaya ba, kuma bai taɓa tsayawa neman izini ba. Sallama kawai zai yi, ya tsuguna ya kama aiki. Mai gida ya fito ya ce sannu da aiki, a kawo masa kunu ko a ƙulla masa gyaɗa a leda, shi ke nan. Haka ake yi a wurinmu. Baba yakan ce bango in zai faɗi ba ya tambayar ɗan waye ke wasa a gindinsa, don haka tsagar maƙwabci taka ce.

Ni aurena ya mutu tun kafin rasuwar Inna, na dawo gida, ina koyarwa a firamare ina dafa wa Baba. Muna nan mu biyu har shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi. Da safen ranar Baba na filastar wani shago aka fara harbi daga bakin gari. Leburansa, wani ɗan ƙabilar Gude da suka yi shekara ashirin tare, wanda suke cin tuwo kwano ɗaya, a gaban Baba harsashi ya same shi suna gudu. Baba ya iso gida da jinin mutumin a riga. Ban tsaya tambaya ba, na ja hannunsa muka bi bayan jama'a muka hau duwatsu. Kwana uku muka yi a ƙafa kafin mu sami motar da ta kai mu Yola, daga nan Yaya ya sa aka ɗauko mu zuwa Legas.

Tun daga kan dutsen nan Baba ya daina magana. Ba kurma ya zama ba, yana ji, in an ce ya tashi zai tashi, in lokacin salla ya yi zai yi alwala. Amma baki ya rufe. Abin da ya fi tayar min da hankali kuwa hannunsa ne. Hannun da ban taɓa ganinsa a zaune ba, wanda ko a masallaci sai ka ga yana shafa bango yana lalubar inda filasta ta yi ciki, shi ne ya kwanta a kan gwiwa tun safe har magariba kamar ba nasa ba. Yaya ya kai shi asibiti, likita ya ce jiki lafiya lau, damuwa ce. Ni dai na san Baba yana mutuwa ne a zaune da ransa, kuma na san in hannun nan bai koma aiki ba, ba zan sake samun ubana ba. Kullum addu'ata ke nan, Allah ka motsa hannun nan.

Yaya yana aiki a tashar jiragen ruwa, yana fitar wa 'yan kasuwa da kaya. Ya fi shekara ashirin a can. Ba zan ci amanarsa ba, ya ciyar da mu, ya ba Baba ɗakinsa, shi ya koma falo. Amma tun ranar da muka sauka ya ja ni gefe ya ce, "In maƙwabta sun tambaya, ki ce daga Kano kuke. Kar ki ambaci Mubi." Na dube shi na ce, "Yaya, a Mubi aka binne cibiyarka." Ya ce in bar wannan maganar, ban san garin nan ba. Wato mu aka kora, mu aka kashe wa mutane, kuma mu ne za mu ɓoye sunan garinmu kamar mun yi sata. Na haɗiye, don a gidansa nake.

Wata uku muna haka, sai ya zo da maganar wurin shaƙatawar nan. Ya ce a bakin teku yake, an tara yashi an sassaƙa abubuwa iri-iri, kuma tunda Baba magini ne zai ji daɗi. Ranar Lahadi bayan la'asar muka tafi mu uku a motarsa. Na sa wa Baba wankakkiyar riga da hularsa, na riƙo gorar ruwa saboda shi.

Tun daga ƙofa raina ya fara ɓaci. Kowa na wucewa abinsa, mata da wando, samari da jakunkuna a baya, ba wanda aka tsayar. Ni da hijabi kuwa sai da aka goga min ƙarfen bincike sau biyu, gaba da baya, sannan aka ce in ɗaga hijabin. Na waiga wurin Yaya, sai na ga ya duƙar da kai yana danna waya. Na ɗaga musu. Me za su gani? Gorar ruwa ce da carbin Baba.

Wurin fili ne babba, rairayi fari tas, can cikin ruwa ga manyan jirage sun yi layi suna jiran shiga tasha. An kewaye kowane gini da igiya a kan 'yan sanduna. Gaskiya masu aikin sun iya. Akwai giwa da ta fi ni tsayi, har da tattarar fatar hancinta. Akwai jirgin ruwa, akwai wani sarki a kan kujera. Sai kuma wata mace mai jelar kifi, ƙirji a buɗe, ƙatuwa, tana kishingiɗe. Na ce, "Yaya, wannan ka kawo ubanmu ya gani? Sannu da ƙoƙari." Ya ce in rage murya. Baba dai ƙasa yake kallo, yana tafiya inda na ja shi, bai ɗaga kai ya dubi ko ɗaya ba.

Yaya ya ce bari ya je ya sayo mana gasasshiyar masara, mu yi gaba zai same mu. Muka zagaya bayan giwar, sai ga shi.

Gida ne, na yashi, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. An yi masa zaure da zankwaye irin na tsofaffin gidajen Kano, irin wanda ko ɗaya ban taɓa gani a Mubi ba, mu da muke bulo da kwano. Rufin gefe ɗaya an yi shi a rushe. An huhhuda bangon kamar ramukan harsashi, an sassaƙa tukunya a kife a ƙofar, da takalmin yaro guda ɗaya. A bangon gaba kuma, daga saman taga har ƙasa, an ja wata doguwar tsaga mai karkace-karkace. A gefe ga allo da turanci. Na karanta. Wai an yi shi ne don tunawa da gidajen da rikici ya rusa a arewa maso gabas.

Kai! Ba ginin ne ya ƙona min rai ba, wataƙila wanda ya yi shi da kyakkyawar niyya ya yi, ko da yake a hoto ya ga Arewa. Mutanen ne. Sun yi layi suna ɗaukar hoto a gabansa, suna washe haƙora, suna ɗaga yatsu biyu. Wata budurwa ta ɗora jakarta a ka, ta karkace kamar mai gudun hijira, saurayinta na ɗauka suna ƙyalƙyala dariya. Ni da ƙafata har lokacin farce biyu ba su gama fitowa ba saboda duwatsun da muka taka. Na ce a raina, Allah ya isa, na juya zan ja Baba mu bar wurin.

Baba bai motsa ba. Na sake ja, ya tsaya ƙyam. Na dube shi, sai na ga ya ɗaga kai. Idonsa na kan tsagar nan. Yana bin ta daga sama, a hankali, yana karkata kai kaɗan, har ƙasa, sannan ya sake komawa sama. Na san kallon nan, da shi na girma.

Ya ce, "Uwata."

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka yake kirana haka. Wata uku ban ji shi ba.

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya miƙo hannu, bai ko kalle ni ba. "Miƙo ruwa."

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Baba bai yi boko ba, allon nan a wurinsa ado ne. Ni kuwa malama ce, na karanta, na san da gangan aka yi tsagar, na san ita ce ma abin da aka zo kallo. Na ga igiyar. Kalma biyu ta isa in dakatar da shi. Amma hannun da na yi wata uku ina roƙon Allah ya motsa, ga shi a miƙe a gabana yana jira. Wa zai ce a'a? Na buɗe gorar na sa masa a hannu.

Ya tsallaka igiyar kamar yadda yake tsallaka kwata. Ya tuɓe takalmi ya ajiye a gefe, ya ce, "Salamu alaikum," kamar da mutane a ciki, sannan ya tsuguna. Ya dunƙulo yashi daga gindin bangon, ya matse, ya buɗe, ya taɓa a harshe, ya tofar.

"Gishiri," in ji shi. "Wane mara tsoron Allah ne ya yi wa mutane gini da yashin teku? Dole ya tsage."

Na toshe baki da hijabi, ina dariya ina hawaye. Baba ne ke faɗa, ubana ne, da muryarsa ta wurin aiki.

Ya yayyafa ruwa a tsagar don ta sha. Ya kwaɓa yashi a tafin hannu, ya fara cusawa daga ƙasa yana yin sama, yana dannawa da babban yatsa, yana shafewa da gefen hannu. Bai yi gaggawa ba. Inda ya wuce, ba za ka ce an taɓa tsagewa ba. Har ya fara ɗan gunjin nan da yake yi ta hanci in aiki ya yi masa daɗi. Masu hoto suka ja baya, wasu na dariya, wasu suka juyo da wayoyinsu kansa. Ban damu ba. Da zan iya, da na ce duniya ta tsaya cik har ya gama. Ya kai kusan rabi, ya miƙo gorar baya yana cewa in ƙaro ruwa, sai na ji usur.

Mai gadi ne, ƙato, da baƙar riga da kulki. Da gudu ya taho. Bai ce tashi ba, bai ce me kake yi ba. Kulkin kawai ya sauke a kan hannun Baba, hannun dama, daidai lokacin da yake kan bangon. Na ji ƙarar. Sannan ya cakumi wuyan rigarsa ta baya ya fizgo shi waje, hular ta faɗi, dattijo ɗan shekara saba'in ya zube a yashi ba takalmi. Mai gadin yana ta ihu da turancin buroka, "Aboki! Aboki!" Kalmarmu ce, mai daɗi, su suka mayar da ita zagi. Ya ce ga irinsu nan, sun gama rusa garinsu sun zo su rusa na mutane. Ya kira sunan 'yan bindigar nan da bakinsa, yana nuna Baba da kulki.

Ban san ina da ƙarfi haka ba. Na riƙe kulkin da hannu biyu, muka yi ta kokawa. Duk turancin da nake koya wa yara na juye masa. Na ce wannan da ka daka gidansa ne kuka sassaƙa kuna hoto. Na ce ka taɓa gina ko akurkin kaza a rayuwarka? Na ce kai ba ka da uba ne, ko daga sama ka faɗo? Jama'a suka taru, da yawa, sun kewaye mu, wayoyi a sama. Wani daga baya yana cewa a bincike ta, a duba cikin hijabin.

Sai ga Yaya ya ratso taron, masara uku a hannu. Na ce alhamdulillahi, namiji ya zo. Ashe ban san komai ba. Ya watsar da masarar, ya ɓamɓare hannuna daga kulkin, ya haɗa tafukansa biyu a gaban mai gadin yana rusunawa. "Oga, yi haƙuri. Oga, don Allah." Sannan ya faɗi maganar da har in mutu ba zan manta ba. Ya nuna kansa da yatsa yana juya yatsan, ya ce da buroka, tsohon ba shi da lafiya, kansa ya taɓu.

Baba ya yi shekaru yana aiki da 'yan kwangila Inyamurai a Mubi. Yana jin buroka sarai. Na ga lokacin da maganar ta shige shi.

Yaya bai tsaya nan ba. Ya juyo kan Baba, a gaban wannan taron, da Hausa, murya a sama don mai gadin ya ga yana tsawatarwa. "Baba, nan ba Mubi ba ne! Ba a taɓa abin mutane sai an yarda! Ɓarna ka yi, ba gyara ba. Da gangan suka yi shi haka. Ka ba su haƙuri mu tafi."

Baba ya dubi ginin, ya dubi rabin da ya liƙe, ya dubi hannunsa da ya fara kumbura, yashi duk ya manne a jiki. Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya gyara, ya durƙusa a gaban yaron da bai kai sa'an ɗansa ba, ya ce, "A gafarce ni. Ban sani ba."

Ni na ɗauko hularsa na kakkaɓe, ni na tsallaka igiyar na ɗauko takalmin, kuma ba wanda ya isa ya hana ni. Har muka kai ƙofa ana bin mu da waya.

A mota na sauke wa Yaya duk abin da ke cikina. Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun muna yara, amma ranar na manta da girma. Na ce ka kira ubanka mahaukaci a gaban kasuwa. Na ce hannun nan da aka daka shi ya yi maka makaranta, shi ya ɗora ka a motar Legas. Na ce tir, wallahi tir. Ya bar ni har na gaji, sannan ya faka a gefen titi. Ya ce, "Ke kin san abin da taro ke yi a garin nan in an kira mutum da sunan da aka kira Baba? Taya da fetur. Na gani da idona. Minti biyar ya rage." Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya ƙara ƙona min rai, don ko hushin ma ba a bar ni in yi shi cikakke ba. Amma ko da gaskiyarsa, akwai hanya dubu ta roƙon mai gadi ba tare da an ce wa magini gyaransa ɓarna ne ba.

Hannun ya yi sati biyu a kumbure, ba karaya. Na gasa shi da ruwan zafi ina shafa man zafi har ya saɓe. Amma yanzu Baba ba ya ajiye shi a gwiwa. Ɓoye shi yake yi. In yana zaune, cikin riga. In yana tafiya, a baya, ɗaya riƙe da ɗaya. Ko kofin shayi ne a gabansa ba zai ɗauka ba sai an ce, Baba ɗauka. Magana kuwa ta koma inda ta fito.

Na yanke shawara ni kaɗai. Na ce garin nan ne ya yi masa haka, in ya ga bangonsa na kansa zai dawo. Da muka ji sojoji sun daɗe da karɓe Mubi, mutane sun fara komawa, na haɗa kayanmu. Yaya ya yi faɗa, ya ce hanya ba ta gama lafawa ba, ya ce ina da taurin kai kamar Inna. Na ce na gode, gado ne. Shi ya kai mu tasha, ya tsuguna ya gai da Baba ta taga, Baba ya ɗaga masa kai kawai.

Mun isa ana saura kamar wata ɗaya damina ta faɗi. Ba zan tsaya ba da labarin yadda muka sami garin ba, wanda ya gani ya sani. Gidanmu yana tsaye. An ɓalle ƙofofi, an kwashe abin da za a iya ɗauka, an cinna wuta a ɗakin Baba. Zafin wutar ya tsaga bangon ɗakin ta waje, tun daga taga har tushe, ana iya zura hannu. Wallahi da na ga tsagar nan farin ciki na yi. Ku ji fa, mace ta ga gidan ubanta a ƙone tana murna.

Maƙwabcinmu, wani dattijon Bafulatani da ya riga mu dawowa, ya leƙo yana tafa hannu. "Magini ya dawo! Barka, barka. Katangarka ya tsage, nawa ma ya tsage, duk layi ya tsage. Damina yana zuwa, kai muke jira." Baba ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya mayar da hannun baya.

Kwana uku na yi ina shiri. Na sa mai amalanke ya ɗebo yashi daga mayo, daga inda Baba ke so, can sama da inda mata ke wanki. Na samo siminti buhu ɗaya da ƙyar. Na tona tokar ɗakin har na sami cokalinsa, ƙotar ta ƙone, ƙarfen na nan, na kai wa maƙeri ya sa masa sabuwa. Rana ta huɗu bayan an karya, rana ba ta yi zafi ba, na kwaɓa da kaina a kwanon gini yadda na ga yana yi, na ajiye a gindin bangon, na kawo bokitin ruwa, na ɗora cokalin a kan kwaɓin. Sannan na je na kamo shi daga inuwa.

Ya tsaya a gaban bangon. Idon ya tashi. Ya bi tsagar daga taga, a hankali, kai a karkace, har tushe, ya sake komawa sama. Hannun dama ya saki na hagu, ya zagayo gaba, ya miƙa wajen cokalin. Saura kaɗan ya taɓa ƙotar, sai ya tsaya. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya waiga baya wajen ƙofar gida. Ba kowa sai ni da kajin maƙwabta.

Ya rage murya ya ce, "Uwata, an yarda in taɓa?"

Na ce, "Baba, gidanka ne. Kai ka gina shi, bulo ɗaya-ɗaya. Wa zai yarda maka?"

Ya kalli kwaɓin. Sannan ya mayar da hannun baya, ya riƙe shi da ɗayan.

"To," in ji shi. "A dai tambayo tukuna."

Ya koma inuwa ya zauna. Ni na tsaya a wurin, ban iya ko kuka ba, har kwaɓin ya sandare a kwano da cokalin a cikinsa.